Kurciya a Gwangwanin Baba

Zuwa ga Yayata Gimbiya,

Sallama da gaisuwa mai yawa daga gidan da kika baro. Ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya aiki, yaya tsofaffinki na can da kike jinya? Yaya ƙafar nan da kika ce tana kumbura in kin daɗe a tsaye? Allah ya ƙara sauƙi.

Na ɗauki biro ne maimakon in kira ki, domin duk sa'ad da na kira, kafin in kai tsakiyar magana kin ce ana nemanki a ɗaki na gaba. Takarda kuwa za ta jira ki ki zauna. Kuma ai 'ya'yan ma'aikacin gidan waya ne mu, bai kamata a ce mun manta hanyar wasiƙa ba.

Baba yana asibiti. Kada hankalinki ya tashi ya wuce kima, likita ya ce sanyi ne ya kama masa ƙirji, kuma suna ba shi magani. Ga yadda abin ya faru. Kin san shagon wanki da guga na maigidana a jikin ɗakin Baba yake, bango ɗaya ne tsakaninsu, tankin ruwan kuma yana saman. Bututun da ke saukowa daga tankin ya daɗe yana ɗiga. Na yi magana har bakina ya gaji, shi kuwa kullum sai ya ɗaure shi da roba ya ce gobe zai kira mai gyara. Ranar da goben ta ƙi zuwa, ina kasuwa, shi ya tafi kai wa mutane kayansu, bututun ya fashe. Da na dawo na tarar ruwa ya bi bango ya malale ɗakin Baba, katifa ta jiƙe sharkaf, shi kuma yana zaune a bakin gado, ƙafafunsa cikin ruwa, yana rawar sanyi. Bai kira kowa ba. Da na tambaye shi, cewa ya yi yana jira ne a buɗe tagar gidan waya a fara sayar da kan sarki.

Ba ciwon ƙirjin ne ya hana ni sukuni ba, Yaya. Gwangwanin ne.

Kin tuna gwangwanin biskit ɗin nan mai tsatsa a kusurwa, inda yake ajiye tsofaffin kan sarkinsa masu tudu, waɗanda zanensu ya taso sama ana jin sa a yatsa? Ke kin san shi a matsayin abin da ake bugun hannunmu in mun taɓa. Kin tafi kafin idon Baba ya rufe, kafin kuma mantuwa ta kama shi, don haka ba ki san abin da gwangwanin ya zama a gidan nan ba. Na sha ce miki a waya Baba yana gane mu, kina hamdala. Ban taɓa faɗa miki yadda yake gane mu ba.

Da safe Baba ba ya sanin kowa. Yana farkawa ne a cikin baƙi. In na gaishe shi sai ya amsa da ladabi, ya kira ni baiwar Allah, ya ce in yi haƙuri layi ne, kowa za a sallame shi. In na miƙa masa shayi sai ya kau da kai, wai ba ya cin abin hannun wanda bai sani ba a bakin aiki. To sai in wanke masa hannu, in goge, in ɗora masa gwangwanin a cinya. Mutumin da a da ba ya yarda a ɗauki kan sarki sai da hantsaki, yanzu da kan ɗan yatsansa yake bin su ɗaya bayan ɗaya. Yawancinsu yakan shafa ya wuce. Amma akwai huɗun nan da ya keɓe a ƙaramar ambulan. Mai furen, wanda ya samu shekarar da ya auri Mama, Allah ya ji ƙanta. Mai kan mace da kambi, na shekarar haihuwarki, inda kika samo sunan da har yau kike taƙama da shi. Mai mikiya, na ɗan'uwanmu, Allah ya ji ƙansa. Sai mai kurciya da fukafukai a buɗe, wato ni.

In yatsansa ya hau furen yakan yi addu'a. In ya hau mikiya ma haka. In ya zo naki yakan tambaya ko kin aiko da saƙo. Da zarar ya kai ga kurciyar sai fuskarsa ta sake, ya juyo daidai inda nake ya ce, "Kurciya, kin tashi lafiya? Ina shayin?" Daga nan har yamma ubana ne. Yana ci, yana tsokana ta, yana ce mini gishirin miyata ya yi yawa. Gobe kuma a sake daga farko. A haka muke rayuwa tun da daɗewa.

Gwangwanin yana ƙarƙashin gado ranar da ruwa ya shiga. Da hidimar asibiti ban tuna da shi ba sai bayan kwanaki. Da na buɗe, wari ne ya fara tarbata. Sun manne da juna, wasu sun kama jikin ambulan, fumfuna ta fara tsiro a kansu fari-fari. Na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi ba ranar da aka kwantar da shi.

A asibiti Baba bai san ni ba, kuma ba ya cin komai. Ƙarin ruwa ne yake riƙe da shi. Abin dariya da takaici, maigidana kawai yake ganewa, da ƙamshin sitaci da ke jikin rigarsa. Yana shigowa sai ya ce ga Mai Dutse nan, sunan da ya laƙaba masa saboda dutsen guga. Amma ko daga hannunsa ba ya karɓar abinci, wai suruki ba ya ciyar da shi yana da 'ya'ya. Ni kuwa tun ranar ban ce wa Mai Dutsen uffan ba. Ina ajiye masa abinci, ina wucewa.

Zan gwada tsabtace su. Ina yarinya na riƙe wa Baba faranti sau da yawa in yana tsabtace su, lokacin da ke kike guduwa wajen ƙawaye, ina jin hannuna bai manta ba. Ki taya ni da addu'a. Ki gaida maigidanki, ki shafa mini kan yara.

Ƙanwarki,
Kurciya

*

Yayata Gimbiya,

Bayan sallama, ina fata wannan za ta same ki cikin sauƙi. Saƙonki ya iso, magungunan ma sun iso, Allah ya saka da alheri. Na ji abin da kika ce game da hutu, cewa ba a ba ki ba sai nan gaba. Ba zan ce komai ba, sai dai ke ma kin san zumunta a ƙafa take. Shawarar da kika bayar, cewa in nemo masa wasu kan sarkin masu tudu a wajen masu sayar da tsofaffin kaya, na san da kyakkyawar niyya kika yi ta. Amma kamar a ce wa mutum ya nemo wata uwar ne a kasuwa. Yatsan Baba ya san inda fiffiken kurciyarsa ya ɗan lotsa, ya san haƙorin da ya ɓalle a gefen naki.

Na fara aikin, kuma bari in ba ki labarinsa, ko ba komai kya san abin da kika guje wa.

Na kwashe kayan teburin cin abinci na shimfiɗa farin zane. Na zuba ruwan sanyi a farantin nan mai faɗi na Mama. Ruwan sanyi, ba mai ɗumi ba, domin ɗumi yana sa launi ya zuba, takardar kuma ta saki jiki tudun ya kwanta. Ba a nutsa su ciki kamar wanki. Ɗora su ake yi a saman ruwan, fuska tana kallon sama, ruwa ya taɓa bayan kawai inda danƙo yake. Sai ki zauna ki zuba ido. In kin ga sun fara zamewa daga juna da kansu, sai ki sa hantsaki ki ɗago na sama. In bai tashi ba, ba ki ja. Baba yakan ce kan sarki kamar yaro mai fushi ne, in ka ja shi sai ya yage, in ka ƙyale shi da kansa zai biyo ka. Ina ta jin muryarsa a kunnena, har sau ɗaya na amsa da "to, Baba" ni kaɗai a ɗaki.

Fumfunar kuma da gashin kaza nake share ta, mai laushin nan na ƙarƙashin fiffike. Daga tsakiya zuwa gefe, ba a dannawa, ba a gogawa. Wasu ta riga ta ci su, ta bar ɗigo-ɗigo ruwan ƙasa, wannan ba ya fita, kuma ban damu ba tunda ba da ido zai duba ba. Wani mai shunayya ya zubar da launinsa duka a ruwan, na zubar na sake sabo ina istigfari. Guda biyu ko uku sun narke a hantsakin kamar jiƙaƙƙen burodi. Ba sa cikin huɗun nan, shi ya sa na iya haɗiye abin.

Shanyar ita ce mai wuyar. Kan sarki na yau da kullum in ya sha iska ana danne shi cikin littafi mai nauyi ya miƙe. Mai tudu ba ya son nauyi ko na takarda biyu. Kifa shi ake yi a kan takarda mai shan ruwa, a inuwa, nesa da taga, nesa da fanka, a bar shi ya bushe yadda ya ga dama. Yana bushewa yana nannaɗewa kamar busasshen ganye, ba kyan gani ko kaɗan. Haka ake so. Daga baya in ya kwana biyu a gwangwani zai sassauta da kansa. Yanzu haka teburin cike yake da su, sun lanƙwashe, in kin gani sai ki ce shara ce aka manta ba a kwashe ba.

Furen Mama ya fita lafiya. Mikiya ma ta fita, sai ɗan tabo a kusurwa. Kurciyata, Yaya, da na kifa ta na rufe ido na bi ta da yatsa a hankali, fukafukan suna nan daram. Na kusa yin guɗa. Naki ne ya ƙi, kamar mai shi. Ya manne da guntun ambulan ya ce ko sama da ƙasa za su haɗu ba zai saki ba, kuma jan launinsa irin mai zuba ne, ba na so in daɗe da shi a ruwa. Sai na yi masa dabarar Baba. Na shimfiɗa jiƙaƙƙen tsumma a kwano mai murfi, na kifa ƙaramin faranti a kai, na ɗora shi a saman farantin na rufe, danshi ya yi aikinsa ba tare da ruwa ya taɓa shi ba. Na ɗora kwanon a saman kabad. Ki zauna can har ki huce.

Jikin Baba yana sauƙi ta wajen ƙirji, amma ya rame ƙwarai. Jijiyoyin hannunsa sun gaji da allura, jiya sai a ƙafa suka samu. Wata ma'aikaciyar jinya ta yi masa wayo ta ce ita ce shugabar gidan waya, ta umarce shi ya sha shayi. Ya kurɓa sau ɗaya don girmama muƙami, ya ajiye. Likita ya ce ba za su iya riƙe shi da ƙarin ruwa har abada ba, gara ya koma inda ya saba ko zai ci. Na ce a ba ni kwana kaɗan. So nake ranar da zai dawo gwangwanin ya riga shi zama a bakin gado.

Kin tambaye ni Mai Dutse. Yana nan yana zagaye ni kamar kazar da aka kora daga shanya. Ya kira mai gyara an sauya bututun gaba ɗaya, ya sake shafe bangon, ya wanke labulen Baba da zannuwan gado ya goge su har suna ɗaukar ido. Kullum yakan tsaya a ƙofa yana kallon ina aiki a teburin, ya tambaya ko akwai abin da zai taya ni. Ba na ɗaga kai. Na san kin ce in sassauta, wai shi ma uba ya ɗauki Baba. Na sani. Shi ke yi masa aski, shi ke ɗaukarsa zuwa banɗaki. Amma in na buɗe baki yanzu abin da zai fito ba mai daɗi ba ne, gara in bar shi a rufe.

Ki huta lafiya, ki riƙa ɗaga ƙafar nan a kan matashi.

Taki,
Kurciya

*

Yaya,

Ina gaisuwa. Ki yafe mini, yau ba ni da ƙarfin tambayar kowa da kowa.

Yau da safe aka kira ni asibiti, wai in zo likita zai sallami Baba gobe, akwai bayanin magani da za a yi mini. Na fita a gaggauce. Kafin in fita na leƙa teburin, duk sun bushe, sun nannaɗe, saura in jera su a gwangwani in na dawo. Mai Dutse yana ƙofar shago ya tambaye ni ko gobe ne. Na gyaɗa kai na wuce.

Na daɗe a can. Da na dawo da la'asar, tun daga ƙofa na ji ƙamshin guga a cikin gida, ba a shago ba. Na shiga na same shi a tsaye a gefen teburin, ya kawo katakon gugarsa ya kafa, yana murmushin da na daɗe ban gani a fuskarsa ba. Ya ce in zo in gani.

Ya jera su layi-layi a kan farin hankici, Yaya. Kowanne a miƙe sumul kamar yau aka buga shi. Ya ce ya ga na wahala da su amma sun ƙi miƙewa, kuma bai kamata Baba ya dawo ya tarar da kayansa a yamutse ba bayan shi ne ya jawo. Sai ya yi musu irin gugar da yake yi wa alharini, wadda ba ya yarda kowa ya yi sai shi. Ya rage wutar dutsen can ƙasa, ya rufe kowanne da siririn hankici, ya fesa ɗan ruwa, ya danna gaba, ya juya ya danna baya. Tun safe yake tsaye a kansu, bai ko ci abinci ba. Ya nuna mini cewa ko ɗaya bai ƙone ba, ko haƙori ɗaya bai lanƙwashe ba. Gaskiya ya faɗa. A duk sana'arsa ban taɓa ganin aiki mai tsabta irin wannan ba.

Na ɗauki kurciyar na rufe ido. Na bi ta da yatsa daga wannan gefe zuwa wancan. Babu komai. Takarda ce mai santsi. Da ido kina ganin zanen tsuntsuwa fari a kan shuɗi, da yatsa kuwa kamar ki shafa bango. Furen ma haka, mikiya ma haka, duk gwangwanin haka.

Ban yi ihu ba. Na dai ce masa, "Baba da ido yake gani?" Ya tsaya yana kallona, sannan ya kalli hannuna a kan takardar, sai na ga abin ya sauko masa. Shekara da shekaru yana wucewa yana ganin Baba da gwangwani a cinya, ya ɗauka wasa ne irin na tsofaffi, kamar jan carbi. Bai taɓa sanin abin da yatsan yake nema ba. Da ya tsaya a ƙofa yana tambaya ko zai taya ni, kalma uku ta isa, in ce kada ka taɓa. Garin neman gira ya rasa mana ido, ni kuma bakin da na rufe ya taya shi.

Ya zauna a ƙasa ya dafe kai. Daga baya ya tashi ya ce tururi yana tayar da gashin yadi in guga ta kwantar da shi, ko zai tayar da wannan. Muka gwada da wani maras muhimmanci a bakin butar shayi. Ya jiƙe, ya lanƙwashe, tudun bai dawo ba. Ya gwada turo shi ta baya da gindin allura, ya huda. Na ce ya isa haka.

Sai da na je ɗauko gwangwanin na ga kwano a saman kabad. Na manta da shi sam, shi kuma bai san da shi ba. Na buɗe, naki ya saki ambulan ɗin da kansa, yana kwance a kan faranti, kambin a tsaye, hancin a tsaye. Na kifa shi ya bushe, na rufe ɗakin da makulli. Taurin kai dai ya yi miki rana.

Gobe za mu ɗauko shi. Ina jin tsoro ƙwarai.

Kurciya

*

Zuwa ga Yayata Gimbiya,

Sallama a gare ki, da fatan ke da iyali kuna cikin alheri. Na ga kiranki da yawa, ban ɗauka ba ne domin muryata ba za ta iya ɗaukar wannan ba. Ki karanta a zaune.

Baba ya dawo gida, kuma yana cin abinci. Na fara da wannan don ki sami abin yin hamdala.

Safiyar farko na wanke masa hannu, na goge, na ɗora masa gwangwanin. Na saka su duka yadda suke a da, domin wata zuciyar tana ce mini ko yatsansa zai ji abin da nawa bai ji ba. Ya buɗe murfin da kansa, ya fara bi. Ya shafa na farko, ya juya shi, ya sake shafawa, ya ajiye. Na biyu ma haka. Hannunsa ya fara sauri, yana tono kamar mai neman makulli a aljihu. Ya ce wa ya zuba masa takardun banza a kayansa. Ya lalubo ƙaramar ambulan ya zazzage ta a tafin hannu. Furen Mama ya wuce ta ƙarƙashin yatsansa bai yi addu'a ba. Mikiya ta wuce. Kurciyar ya riƙe ta ɗan jim, sai ya ture ta gefen gwangwani tare da sauran.

Sannan ya hau naki. Fuskarsa ta sake yadda take sakewa, ya juyo daidai inda nake durƙushe, ya ɗora hannu a kaina ya ce, "Gimbiya, ashe kin zo? Yaushe a gari?"

Na buɗe baki zan gyara masa. Sai na kalli wuyan hannunsa, duk tabon allura, na kalli kofin shayin da ke hucewa a gefe. Na ce jiya na iso, Baba. Ya ce sannu da hanya, ina shayin. Ya shanye kofi guda, ya ci burodi, da rana ya ci shinkafa har ya nemi ƙari. Ya ce girkina ya fi na da, na iya sa gishiri daidai.

Tun ranar haka muke. Kowace safiya kina isowa daga tafiya, yana yi miki sannu da hanya. Yana tambayata yara, ina ba shi labarin naki da sunayensu. Yana tambayata aiki, ina ba shi labarin tsofaffinki, har da mai ɓoye cokali a ƙarƙashin matashi da kika taɓa gaya mini. Yana dariya, yana sa miki albarka, wai kin baro aikinki da gidanki kin zo jinyar ubanki.

Na gwada hanyoyi. Na dafa abin da yake tsokanata a kansa na cika gishiri da gangan, ya ci bai tsokane ni ba. Na ce masa kai tsaye ni ce Kurciya, ya janye hannunsa ya koma kirana baiwar Allah, ranar bai ci komai ba har dare. Ban sake ba.

Mai Dutse bai kunna dutsen guga ba tun ranar. Kayan mutane sun taru a shago, wasu sun zo sun kwashe nasu a jiƙe. Yanzu ni ce nake binsa da magana, shi yake shiru. Baba kuwa har yanzu yana gane shi, ƙamshin sitacin bai bar rigunansa ba. Shekaranjiya yana yi masa aski, ina tsaye riƙe da tawul, sai Baba ya tambaye shi ina matarsa. Ya ce yarinyar nan Kurciya ta daɗe ba ta leƙo shi ba, ko a asibiti bai ji ɗuriyarta ba, ga yayarta ta taso daga uwa duniya ta zo, ita da take nan kusa ta kasa. Ya ce bai san abin da ya yi mata ba. Mai Dutse ya tsayar da askin, na karɓi rezar. Na ce wa Baba ya yi mata uzuri, tana nan zuwa. Ya ce mini, "Ke kullum kina kare ta."

Kin ce a saƙonki an ba ki hutu a ƙarshe, kina shirin tahowa. Ki zo, Yaya, ina bukatarki fiye da yadda zan iya rubutawa. Amma gara ki sani tun daga can. Kan sarki ɗaya ne ya rage, kuma mutum ɗaya yake buɗe wa ƙofa. In kika karɓi sunanki, ni zan koma baiwar Allah mai jiran layi, kuma ranar da kika tafi ban san daga hannun wa zai ci ba. In kika bar mini shi, ke ce za ki zauna a gidan ubanki a matsayin baƙuwa. Na juya abin ta kowace fuska ban ga mafita ba. Ki yi tunani a hanya, ke ce babba.

Naki yana nan lafiya. Na yi masa ɗan gida na auduga a cikin gwangwanin, ba abin da ke taɓa shi sai yatsan Baba. Kambin ya fara ɗan gogewa, tunda yanzu shi kaɗai yake shan shafa, amma zai kai mu wani lokaci. Kurciyar kuma na cire ta, tana cikin jakata, a miƙe sumul.

Ki gaida maigidanki da yara. Ki taho da takalmi mai laushi saboda ƙafar, tsayuwa tana da yawa a nan. Zan sa sunana a ƙasa, ko da yake kin san rubutuna, domin kwana biyu ke nan ba wanda ya kira ni da shi.

Ƙanwarki,
Kurciya